Indiyar da ke cikin fim da Indiyar da za ka sauka a cikinta

Tambaya: Malam, na samu gurbin karatun haɗa magunguna a birnin Chennai na ƙasar Indiya, zan tashi bayan Sallah in Allah ya yarda. Tun ina yaro nake kallon finafinansu, har ina jin Indiyanci daidai gwargwado. Shin zai wadatar da ni? Su nawa ne mutanen ƙasar, kuma akwai Musulmi da yawa? Sannan mene ne gaskiyar abin da ake faɗa cewa akwai mutanen da ba a yarda a taɓa su?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sanya albarka a wannan tafiya, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai da abin da ka je nema. Na yi karatu a arewacin ƙasar, na kuma yi aikin bincike a ƙauyukanta da kudancinta, saboda haka zan gaya maka abin da na karanta da abin da idona ya gani.

Abu na farko, ka ajiye kalmar Indiyanci a filin jirgin Kano. Babu wani harshe mai wannan suna, kamar yadda babu Najeriyanci. Kuma duk wata magana da ta fara da "ai Indiyawa haka suke", ka tsaya ka tambaya: na wace jiha, masu wane harshe, mabiya wane addini, 'yan wane gida? Waɗannan tambayoyi huɗu su ne Ba'indiye da kansa yake auna ɗan'uwansa da su kafin ya ba shi hayar ɗaki ko auren 'yarsa.

Mu fara da yawansu. Ƙidaya ta ƙarshe da aka kammala ita ce ta 2011, ta sami mutum biliyan 1 da miliyan 210 da 'yan kai. Tun 1881, zamanin Turawan Ingila, ake yin ta duk shekara goma ba fashi, sai ta 2021 da annobar korona ta sa aka ɗage, daga baya gwamnati ta tsayar da 2027. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa Indiya ta haura biliyan 1.4, ta wuce Sin, ta zama ƙasa mafi yawan jama'a a duniya. In ka jera mutum shida daga cikin 'yan Adam, ɗaya Ba'indiye ne. Girman ƙasar bai wuce Najeriya sau uku da rabi ba, amma mutanenta sun ninka namu wajen sau shida. Jiha ɗaya tak, Uttar Pradesh, ta kai kusan mutum miliyan 200 tun a 2011. A 1951, shekara huɗu da samun 'yancin kai, duk ƙasar miliyan 361 ce. Ka kuma koyi lissafinsu tun yanzu, domin da shi za a gaya maka kuɗin makaranta: lakh ɗaya dubu ɗari ne, crore ɗaya miliyan goma.

Sai dai kada wannan yawa ya sa ka zaci har yanzu haihuwa suke zubawa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi tsakanin 2019 da 2021 ya nuna mace ɗaya tana haihuwar 'ya'ya biyu ne a matsakaici. Abin da ya sa adadin ke ci gaba da hawa shi ne matasa sun yi yawa, rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara talatin ba. Indiya ta fara shirin tsarin iyali na gwamnati tun 1952, kuma yana da tabon da ba a manta ba: lokacin dokar-ta-ɓaci ta Firaminista Indira Gandhi, daga 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa, da yawansu talakawa ne da aka tilasta. Yau kudu ta riga arewa nisa a wannan hanya. A Bihar mace na haihuwar uku, a Kerala da Tamil Nadu inda za ka ba ta kai biyu ba. Wannan ya zama rigimar siyasa, domin an daskarar da rabon kujeru 543 na majalisar wakilai bisa ƙidayar 1971. Ranar da aka sake rabo bisa sabuwar ƙidaya, arewa za ta ƙaru, kudu ta ragu, mutanen kudu kuwa suna cewa ba za a hukunta su don sun bi shawarar gwamnati ba. Za ka ji abokan karatunka suna ta da jijiyar wuya a kan wannan.

Akwai wani adadi da ke sosa mini rai. A 2011 mata 943 ne ga kowane maza 1,000, a jihar Haryana kuwa 879. Son ɗa namiji da tsoron tsadar aurar da 'ya mace sun sa wasu iyaye na zubar da ciki in na'ura ta nuna mace ce. Shi ya sa tun 1994 doka ta hana likita faɗa wa iyaye jinsin abin da ke ciki, kuma za ka ga allon wannan gargaɗi a bangon duk ɗakin da ake hoton ciki. Tunda fannin lafiya za ka shiga, ka riƙe wannan. A Kerala, inda karatun mata ya yi zurfi, mata sun fi maza yawa: 1,084 ga 1,000.

Yanzu harshe, inda tambayarka ta fi nauyi. Abin da kake ji a fim sunansa Hindi, ko in an faɗi gaskiya cakuɗen Hindi da Urdu, waɗanda a bakin mutanen kasuwa harshe ɗaya ne. Bambancinsu a rubutu yake da manyan kalmomi: Hindi ana rubuta shi da baƙaƙen Devanagari yana aro daga Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, Urdu ana rubuta shi da baƙaƙen Larabci irin ajaminmu yana aro daga Farisanci da Larabci. Ka taɓa lura da yadda kunnen Bahaushe ke saurin kama shi? Suna cewa duniya, zamana, khabar, qalam, hisab, niyat, jawab, waqt, sabun. Mu muna cewa duniya, zamani, labari, alƙalami, lissafi, niyya, jawabi, lokaci, sabulu. Rijiya ɗaya muka ɗiba, mu ta hanyar Sahara, su ta hanyar Farisa.

A ƙidayar 2011 kashi 43.6 cikin ɗari ne suka shiga lissafin masu Hindi a matsayin harshen uwa, wato miliyan 528. Ko wannan ɗin ma an zuba masu Bhojpuri da Rajasthani da Magahi da wasu harsuna a ciki, waɗanda masu su da yawa ke ganin harsuna ne masu zaman kansu. Ka ga ke nan fiye da rabin Indiyawa ba da Hindi aka yi musu tawai ba. Bengali na da miliyan 97, Marathi 83, Telugu 81, Tamil 69, Gujarati 55, Urdu 50. Tsarin mulki ya lissafa harsuna 22, ƙidayar kuma ta sami 121 da kowannensu ke da masu magana dubu goma ko fiye. In takardar kuɗin rupi ta shigo hannunka, juya bayanta: an rubuta darajarta da harsuna 15 a jere, ban da Hindi da Turanci.

Harsunan kuma ba dangin juna ba ne duka. Na arewa, su Hindi da Bengali da Punjabi da Marathi, danginsu ɗaya da Farisanci, har ma da harsunan Turai in aka bi salsala. Na kudu guda huɗu, Tamil da Telugu da Kannada da Malayalam, wani gida ne daban da ake kira Dravidiya, mutum ɗaya cikin biyar ke magana da su. Nisan Tamil da Hindi kamar nisan Hausa da Yarbanci ne. Akwai kuma harsunan mutanen daji da duwatsu irin Santali, da na arewa maso gabas masu dangantaka da na Tibet da Bama.

Ranar da na fara sauka tashar jirgin ƙasa ta Chennai, bayan kwana da wuni daga Delhi, na tare ɗan adaidaita sahu, irin namu sak domin daga can ake kawo mana su, na yi masa Hindi ina tambayar kuɗin unguwar da zan je. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya ce da Turanci: Tamil ko Ingilishi. Daga yadda ya amsa na san ya fahimci abin da na ce. Sai bayan kwanaki wani dattijo malamin jami'a ya warware mini. Tsarin mulkin 1950 ya ce Hindi ne harshen aikin gwamnatin tarayya, Turanci kuma zai raka shi shekara 15 kawai. Da wa'adin ya cika a watan Janairun 1965, ɗaliban jihar Madras, wato Tamil Nadu ta yau, suka fito zanga-zanga, mutane da dama suka mutu, wasu samari suka cinna wa kansu wuta. A wurinsu, tilasta Hindi na nufin ɗan arewa ya shiga jarrabawar aikin gwamnati da harshen uwarsa, ɗan kudu da harshen aro. Gwamnati ta ja da baya, aka bar Turanci har yau. A zaɓen 1967 jam'iyyar Tamilawa ta DMK ta kayar da Congress, jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin, a jihar, kuma Congress ba ta sake mulkinta ba. Makarantun gwamnatin Tamil Nadu harshe biyu suke koyarwa, Tamil da Turanci. Indiya ba ta da harshen ƙasa guda a doka, duk wanda ya gaya maka Hindi ne ya faɗi burinsa ne.

Jihohin kansu a kan harshe aka yanka yawancinsu. A Disamban 1952 wani mutum mai suna Potti Sriramulu ya mutu bayan kwana 58 yana yajin cin abinci don a ba masu Telugu jiharsu. Aka ba su a 1953, sannan a 1956 aka sake zana taswirar ƙasar bisa harsuna. Yau jihohi 28 ne da yankunan tarayya 8, kuma tsallaka iyakar jiha kan zo da sabon rubutu a allon hanya. Ko finafinan da ake fassara mana da Hausa a 'yan shekarun nan, da yawansu ba na Mumbai ba ne, a Hyderabad da Chennai aka yi su da Telugu ko Tamil. Saboda haka Turancinka ne zai ɗauke ka a aji. Hindinka zai yi maka rana wurin leburori da masu gadi da suka zo ci-rani daga Bihar, da Musulmi masu Urdu. Amma ka koyi vanakkam, gaisuwa ke nan, da nandri, na gode, da thanni, ruwa. Ba-Tamile yana ji da harshensa, wanda ke da adabi na shekaru kusan dubu biyu, kuma baƙon da ya gaishe shi da shi ya gama saye zuciyarsa.

Batun addini kuwa, ga abin da ƙidayar 2011 ta ce: mabiya Hindu kashi 79.8 cikin ɗari, Musulmi 14.2, Kirista 2.3, Sikh 1.7, mabiya Buddha 0.7, Jain 0.4. Kada ƙanƙantar kason ta ruɗe ka. Kashi 14.2 ɗin nan mutum miliyan 172 ne, sun fi Musulmin Najeriya da Nijar a haɗe, kuma Indunusiya da Pakistan ne kawai suka fi Indiya yawan Musulmi.

Addinin Hindu ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da littafi guda da kowa ke komawa gare shi. Wasu na bautar Vishnu, wasu Shiva, wasu uwar-bauta mace mai sunaye da yawa, a Tamil Nadu za ka yi ta ganin Murugan. Masanansu kan ce duk waɗannan fuskoki ne na gaskiya guda. Abin da ya fi haɗa su shi ne imani da cewa rai na sake dawowa duniya, kuma aikin da mutum ya yi a rayuwar baya ne ke zaɓa masa inda za a haife shi. Riƙe wannan, zai dawo in mun zo kan waɗanda ba a taɓawa. Mai rawani da gemu da za ka gani, kada ka yi saurin yi masa sallama a matsayin Musulmi, galibi Sikh ne, mabiyin Guru Nanak da aka haifa a 1469. Cibiyarsu Amritsar ce a jihar Punjab, kuma a kowane wurin ibadarsu ana dafa abinci kyauta, kowa ya zo ya zauna a ƙasa sahu ɗaya ya ci, ba a tambayar addininsa. Kiristocin Kerala sun riga Turawa zuwa da ɗaruruwan shekaru, suna danganta kansu da Toma almajirin Annabi Isa. Jihohi uku na arewa maso gabas, Nagaland da Mizoram da Meghalaya, mafi yawan mutanensu Kirista ne. Akwai kuma Parsi, waɗanda littattafanmu ke kira Majusawa, da suka yi hijira daga Farisa. Ba su kai dubu sittin ba a 2011, amma daga cikinsu gidan Tata ya fito.

Musulunci ta ƙofa biyu ya shiga. A kudu fatake Larabawa ne suka kawo shi ta teku tun ƙarnonin farko, shi ya sa Musulmin Kerala da na gaɓar Tamil Nadu Shafi'awa ne, har suna da ajaminsu na rubuta Tamil da Malayalam. A arewa ya zo da dauloli, daga sarakunan Delhi zuwa Mughal, da kuma waliyyai irin Mu'inuddin Chishti na Ajmer da Nizamuddin na Delhi, kuma mutanen can Hanafawa ne. Ka duba kantar littattafan kowane malami a Kano ko Damagaram, za ka ga sunaye irin Dahlawi, Mubarakfuri, Azimabadi, Kandahlawi, Saharanfuri. Duk garuruwan Indiya ne: Delhi, Mubarakpur, Azimabad wato Patna ta yau, Kandhla, Saharanpur. Ilmin hadisin da muke sha, kaso mai tsoka ta hannunsu ya biyo. Makarantar Deoband an kafa ta a 1866, Jama'atut Tablig ta tashi a yankin Mewat a shekarun 1920, kwalejin da Sayyid Ahmad Khan ya buɗe a 1875 ita ce ta zama Jami'ar Aligarh. Akwai Barelawa masu mauludi da ziyarar waliyyai, akwai Ahlul Hadis, akwai 'yan Shi'a musamman a Lucknow. Ahmadiyya ma daga garin Qadian na Punjab ta fito.

Wani abu ƙarami da zai iya samunka: wata la'asar a wani masallacin unguwa a Delhi na yi sallah da sadlu kamar yadda na tashi ina yi. Da aka sallame wani tsoho ya kamo hannuna a hankali, ya tambaye ni ko ni ɗan Shi'a ne, domin a saninsa su kaɗai ke sakin hannu. Na ce masa Malikiyya nake bi, mazhabar Imamu Malik na Madina. Ya yi shiru, ya ce ya karanta sunan a littafi amma bai taɓa ganin mai bin ta ba. Ya ja ni gidansa shan shayi, ya tara 'ya'yansa su gaishe ni.

Ba zan ɓoye maka ɗacin da ke ciki ba. An raba ƙasar a 1947 aka fitar da Pakistan, mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya, kuma wannan miki bai warke ba. A 1984, bayan masu gadin Indira Gandhi 'yan Sikh sun kashe ta, an hallaka 'yan Sikh kusan dubu uku a Delhi. Ranar 6 ga Disamban 1992 aka rushe Masallacin Babri a Ayodhya, a 2019 Kotun Ƙoli ta ba da filin a gina ɗakin bautar Ram, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, aka buɗe shi a Janairun 2024. A rikicin Gujarat na 2002 fiye da mutum dubu suka mutu, akasarinsu Musulmi. Kwamitin Sachar da gwamnati ta kafa ya ba da rahoto a 2006 cewa an bar Musulmi a baya a ilmi da aikin gwamnati. Tun hawan jam'iyyar BJP ta Narendra Modi a 2014, Musulmi da yawa na jin ana mayar da su saniyar ware, ga dokar zama ɗan ƙasa ta 2019 da ta sauƙaƙa wa 'yan gudun hijira na wasu addinai ta tsallake su, ga kashe mutane bisa zargin yanka saniya. Masu cewa Musulmi za su rinjayi Hindu da haihuwa kuwa, alƙaluma ba su goyi bayansu ba, domin haihuwar Musulmi ita ta fi saurin raguwa a shekaru talatin da suka wuce. Duk da haka Indiya ta yi shugabannin ƙasa Musulmi uku, na ƙarshensu Abdul Kalam, Ba-Tamile ne daga Rameswaram. Kuma kudu ta fi arewa kwanciyar hankali a wannan fanni nesa ba kusa ba.

Sai tambayarka ta ƙarshe. E, gaskiya ne, kuma shi ne abin da fim ya fi ɓoye maka. Tsofaffin littattafan Hindu sun kasa mutane rukuni huɗu da ake kira varna: Brahmin masu ilmi da jagorancin bauta, Kshatriya masu sarauta da yaƙi, Vaishya 'yan kasuwa, Shudra masu hidima. A wajen waɗannan huɗu aka bar masu aikin da ake ɗauka ƙazanta ne, jima da ɗaukar mushe da shara da kwashe masai. Su ne ake gudun taɓawa, yau suna kiran kansu Dalit, ma'ana waɗanda aka murƙushe. Amma abin da ke aiki a rayuwar yau da kullum sunansa jati, ƙungiyoyin gado dubbai, kowace da sana'arta ta asali da matsayinta, kuma a cikinta ake aure. Sau da yawa sunan mutum na ƙarshe ke tona jatinsa: Sharma ko Iyer Brahmin ne, Yadav makiyaya ne a asali.

Za ka ce ai mu ma muna da sana'o'in gado, mahauta da maƙera da wanzamai da maroƙa, kuma akwai gidajen da ke ƙyamar haɗa zuri'a da wasunsu. Haka ne, kuma ba abin alfahari ba ne. Bambancin shi ne a wurinmu ba wanda ya ce jikin mahauci najasa ne, kwano ɗaya ake ci da shi, sahu ɗaya ake tsayawa, in ya yi karatu ya ja sallah. A can an ɗaura abin da tsarki da ƙazanta, aka kuma ce sakamakon rayuwar baya ne.

Na ga wannan a wani ƙauye a gabashin Uttar Pradesh. Ina tare da wani saurayi mai digiri na biyu da ke yi mini tafinta. Muka je gidan wani mai gonaki, aka shimfiɗa mini gadon igiya a tsakar gida, aka kawo mini ruwa a kofin ƙarfe, ni baƙo, baƙar fata, Musulmi. Abokin tafiyata ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Da ya nemi ruwa, sai yaron gidan ya ɗaga buta sama ya tsiyaya masa a tafin hannu, don kada bakinsa ya taɓa kofi. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ga wani abu ya faru. A hanyar komawa ya ce mini a birni ba wanda zai yi masa haka, amma a nan an san kakansa majemi ne. Ruwan da na sha a gidan nan har yau yana tsaya mini a wuya.

Irin wannan tsiyayar ruwa aka yi wa Bhimrao Ambedkar yana yaro a makaranta, inda yake zama a kan buhu a gefe. An haife shi a 1891 cikin jatin Mahar, ya yi karatu a Amurka da Ingila, a 1927 ya jagoranci dubban Dalit zuwa tafkin garin Mahad don kawai su sha ruwa, kuma shi ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin ƙasar. Sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa mutum. A Oktoban 1956, makonni kafin rasuwarsa, ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Duk unguwar da ka ga mutum-mutumin wani mai tabarau da shuɗiyar kwat riƙe da littafi, shi ne, kuma galibi unguwar Dalit ka shigo.

A 2011 Dalit kashi 16.6 ne cikin ɗari, mutum miliyan 201. Ƙabilun asali da ake kira Adivasi kashi 8.6, miliyan 104. An ware musu guraben karatu da aikin gwamnatin tarayya, kashi 15 da kashi 7.5, da kujeru 84 da 47 a majalisar wakilai. A 1990 gwamnatin V. P. Singh ta aiwatar da rahoton kwamitin Mandal, ta ƙara kashi 27 ga sauran jatin da aka bari a baya, ƙasa ta ɗauki zafi. A 2019 aka ƙara kashi 10 ga talakawan manyan jati. Ya yi kama da tsarin raba-daidai na Najeriya, sai dai namu jiha yake dubawa, nasu gidan haihuwa. Tamil Nadu ta fi kowa nisa, kashi 69 ta ware, gadon gwagwarmayar Periyar, wani jagoran Tamilawa da ya yaƙi fifikon Brahmin. Shi ya sa yawancin abokan ajinka ba za su ɗauki sunan jati ba, sai harafin farko na sunan uba a gaban nasu. Tun 1931 ba a sake fitar da ƙirgen dukkan jati na ƙasa baki ɗaya ba. Da jihar Bihar ta yi nata ƙirgen a 2023, sai ga manyan jati ba su wuce kashi 15.5 ba. Tsarin ware guraben ya yi aiki gwargwado: K. R. Narayanan, Dalit, ya zama shugaban ƙasa a 1997, Droupadi Murmu 'yar ƙabilar Santal ta hau a 2022, ga likitoci da alƙalai da injiniyoyi da kakanninsu ba su isa shiga aji ba. Amma har yau masu shiga ramin masai su mutu kusan duk Dalit ne, alhali an haramta aikin tun 1993.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne cutar ta shiga cikin Musulmi da Kirista. Akwai Ashraf masu danganta kansu da Larabawa da Farisawa da Turkawa, su Sayyid da Shaikh da Pathan, akwai Ajlaf irin masaƙa da mahauta, akwai Arzal a can ƙasa. Sahun sallah ɗaya ne, amma wurin aure sai a koma tambayar asali.

A aure ne jati ya fi ƙarfi. Wani babban bincike na 2011 zuwa 2012 ya sami aure biyar kacal cikin ɗari da aka yi tsakanin jati daban. Sayi jaridar Lahadi ka buɗe shafin neman aure, za ka ga an jera tallan bisa jati da harshe, har da hasken fata. Soyayyar da kake gani a fim, inda ɗan talaka ke auren 'yar attajiri bayan waƙa biyar, mafarkin mutane ce, iyaye ne ke haɗa mafi yawan aure. Kuma gidan amarya ne ke biyan ango, kuɗi da zinariya da babur ko mota. Ka ɗauki gara da kayan ɗaki, ka ninka, ka mayar da su sharaɗi da dangin miji ke ci gaba da nema bayan biki. An haramta wannan tun 1961, amma duk shekara 'yan sanda na rubuta mutuwar mata dubbai a kansa. Ko a nan ma ba a taru an zama ɗaya ba, domin a wurin Khasi na Meghalaya ta wajen uwa ake gado, 'yar auta ce ke riƙe gida.

Kai kuma a ina za su ajiye ka? Ba ka da jati, amma kana da launi, kuma son farar fata ya yi musu katutu. Za a kalle ka, yara za su bi ka da ido, wani mai gida zai ce ɗakin ya kama da zarar ya gan ka. A Maris na 2017 an far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida kusa da Delhi bisa zargin da ba shi da tushe. A kudu abin da sauƙi, Tamilawa da yawa launinku ɗaya. Akwai ma Indiyawa 'yan asalin Afirka, Siddi, a Gujarat da Karnataka da Hyderabad, kuma Malik Ambar da ya hana daular Mughal sakat a yankin Deccan har rasuwarsa a 1626, a Habasha aka haife shi. Mai gida zai tambaye ka ko kana cin nama, ka faɗa masa gaskiya tun farko, domin akwai gidajen da ba a shiga da shi. A jikin kowane ƙunshin abinci akwai alama, kore na nufin babu nama, ja ko ruwan ƙasa na nufin akwai. Kada ka tambayi abokin karatu jatinsa, in ya amince da kai shi zai faɗa. Ranar Juma'arka ta farko kuma ka ce wa ɗan adaidaita ya kai ka Triplicane, Babban Masallacin Wallajah. Bayan sallah akwai gidajen abinci na halal a layin, ka nemi biryani, ka ce a rage maka yaji.